Yogar da ake yi ba tsayawa: wacce ta dace da mai ciwon baya?

Tambayar ta zo ne daga wata 'yar'uwa ma'aikaciya da ke zaune a Unguwar Rimi, nan Kaduna. Shekararta 38, haihuwarta 4, a kan kujerar ofis take wuni, ƙugu da gadon baya sun matsa mata. An ba ta shawara ta gwada yoga a gida. Da ta shiga YouTube sai ta tarar da sunaye barkatai: Vinyasa, Ashtanga, Power Yoga, Slow Flow, Hot Yoga. Ta ce: "Ni duk iri ɗaya nake ganin su, ana ta sunkuyo ana miƙewa ba hutawa. Mene ne bambancinsu, kuma wanne zan bi? Sannan na ji akwai wani abu wai shi gaisuwar rana, hankalina bai kwanta da shi ba."

'Yar'uwa, sannu da fama, Allah Ya kawo sauƙi. Aikina gashin ƙashi ne, abin da ake ce wa fisiyo a asibiti, kuma ina da ɗan ajin motsa jiki na mata zalla duk safiyar Asabar, saboda haka wannan tambaya ba baƙuwata ba ce. Idonki bai yi miki ƙarya ba. Da za a ɗauki hoton mutum a tsakiyar kowanne daga cikinsu, ba mai iya gaya miki wanne yake yi, domin tsayuwar ɗaya ce, sunkuyon ɗaya ne. Bambancin yana cikin saurin da ake tafiya, da wanda ke riƙe da jerin abin da za a yi, da kuma sau nawa nauyin jikinki zai sauka a kan wuyan hannu da kafaɗa kafin a tashi. Wannan na ƙarshen masu bidiyo ba sa faɗin sa, kuma shi ne ke kawo mana mutane asibiti.

Kalmar da ta haɗa su duka ita ce wadda kika gani an rubuta Vinyasa, bakinmu ya fi saurin ce mata binyasa. Daga Sanskirit take, tsohon harshen Indiya, kuma ma'anarta ajiye abu a muhallinsa bisa tsari. A aikace, kowane motsi ana ɗora shi ne a kan numfashi ɗaya: ki shaƙa kina ɗaga hannuwa sama, ki fitar kina sunkuyawa, ki shaƙa kina ɗago ƙirji, ki fitar kina mai da ƙafafu baya. Ba a dakatawa a gyara tsayuwa tsakanin wannan da wancan, shi ya sa ake ce mata mai gudana. Akwai yogar da ba ta gudana, kamar ta Iyengar da ake daɗewa a tsayuwa ɗaya ana gyara ta da ɗan bulon katako da ɗamara da bargo, ko Yin da ake zama wuri ɗaya minti 3 zuwa 5. Waɗannan ba su kika tambaya ba, na ambace su ne kawai don kada ki cakuɗa su da sauran.

A tsakiyar duk mai gudana akwai wata 'yar gada da ake ta bi ana komowa. Za ki dafa ƙasa da tafukan hannu, ƙafafu a miƙe a baya, jiki ya sandare kamar katako. Sai ki lanƙwasa gwiwar hannu ki sauko har ƙirji ya kusa ƙasa amma bai taɓa ba, irin saukar nan da kuratan soja ke yi wajen atisaye, sunanta caturanga. Daga nan ki tura ƙirji gaba ki ɗago kai, baya ya lotsa. Sannan ki ɗaga ƙugu sama, hannu da ƙafa a ƙasa, jiki ya yi kamar jinkar ɗaki, irin miƙar da kare ke yi in ya tashi barci. Numfashi uku ke nan: fitarwa, shaƙa, fitarwa. Ki riƙe wannan gadar a ranki, da ita za mu auna kowa.

Kusan dukkansu gida ɗaya suka fito. A shekarun 1930, Sarkin Maisur da ke kudancin Indiya, Krishnaraja Wadiyar na huɗu, ya ba wani malami mai suna Tirumalai Krishnamacharya wuri a ɗaya daga cikin fadojinsa don ya koyar da yoga. Akasarin ɗalibansa yara maza ne da samari masu jini a jika. Masu binciken tarihi sun nuna cewa abin da ya tsara musu ya ɗebo daga tsohuwar yoga, ya kuma ɗebo daga atisayen 'yan kokawar Indiya da wasannin motsa jiki da ke tashe a wancan zamani. Ice tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Rigar an yanka ta ne daidai jikin ɗan makaranta wanda bai san ciwon ƙugu ba, kuma wannan ne abu na farko da nake so duk mace mai shekarunki ta sani kafin ta zura ta.

Wadda ta fi riƙe wancan ɗinkin yadda yake ita ce Ashtanga. Wani ɗalibin malamin mai suna Pattabhi Jois ne ya buɗe makarantarta a Maisur a 1948, ya koyar har zuwa kusan rasuwarsa a 2009. Jeri 6 gare ta, daga na farko zuwa mafi wuya, kuma kowane jeri a kafe yake: abin da kika yi jiya shi za ki yi yau, a bisa layin da aka gada, ba ragi ba ƙari. A kowace tsayuwa ana yin numfashi 5, ta hanci, a ɗan matse maƙogwaro har numfashin ya riƙa fitar da sauti kamar na mai barci mai nauyi. Ido ma an ba shi inda zai kalla, ko kan hanci, ko cibiya, ko babban yatsan ƙafa. Kwana 6 ake yi a mako, a huta ranar cikar wata da ranar ɓatansa. Tsarin ɗakin koyonta kuwa ya yi kama da na makarantar allo: kowa yana nasa a inda ya tsaya, malami yana zagayawa, kuma ba za a yi miki ƙari ba sai abin da ke hannunki ya zauna.

Ina ganin girman Ashtanga, ba zan ɓoye miki ba. Tunda abu ɗaya ake maimaitawa, mutum yana gane jikinsa sosai. Ranar da barci bai ishe ki ba za ki ji a sunkuyon farko. In kin haddace jerin, ba ruwanki da waya, ba ruwanki da data ko rashin wuta. Kuma tana gina ƙarfi na gaskiya. Amma mu koma kan gadar nan mu yi lissafi. Ana buɗe ta da zagaye 10: biyar na farko caturanga ɗaya-ɗaya ce a cikinsu, biyar na biyu uku-uku. Sau 20 ke nan, alhali ba a fara komai ba, ɗumama jiki kawai aka yi. In aka zauna ƙasa kuma, tsakanin wannan zama da wancan, har tsakanin gefen dama da na hagu, sai an yi tsalle baya an sake bin gadar. Kafin a kammala jerin farko, wanda ke cin kusan awa ɗaya da rabi, lissafin yakan haura 50. Ki ninka da kwana 6. Kafaɗar da ba ta taɓa ɗaukar nauyin mai ita ba, ba za ta yafe wannan ba.

Akwai abu biyu kuma da suka shafe ki kai tsaye. Jerin farko cike yake da sunkuyo gaba a zaune, ƙafafu a miƙe, kai yana neman gwiwa. Ke kuwa wuni kike a lanƙwashe a kujera. Ga masu ciwon baya da yawa, musamman waɗanda zama ke tayar musu da shi, ƙarin sunkuyo da ƙarfi ba magani ba ne, tsokana ce. Na biyu, akwai harɗe ƙafa irin wanda ake ɗora kowace ƙafa a kan cinyar ɗayar. Gwiwa kamar ƙyauren ƙofa take, buɗewa da rufewa ta sani. Juyawar aikin ƙugu ne. In ƙugu bai saki ba kika jawo ƙafar da hannu, gwiwa ce za ta karɓi murɗar, kuma guringuntsin cikinta in ya yage ba ya saurin haɗewa. Saboda haka Ashtanga ba abar koyo daga waya ba ce, tana buƙatar malama a tsaye a kanki.

Ko da malamar ma, ki san haƙƙinki. A al'adar Ashtanga malami kan danna ɗalibi da hannu don ya ƙara shiga tsayuwa. Bayan rasuwar Pattabhi Jois mata da dama sun fito sun bayyana cewa ya riƙa taɓa su ta hanyar da ba ta dace ba da sunan gyara, kuma jikansa da ya gaje shi ya amince a 2019 cewa an yi hakan. Na kawo wannan ne don ki riƙe: ba wanda ke da ikon danna ki, mace ko namiji, sai da izininki, kuma in kin ce ya isa, ya isa.

Wadda kika gani da sunan Power Yoga, ni yogar ƙarfi nake ce mata. 'Yar Ashtanga ce da ta tashi a Amurka. Wasu da suka koyi Ashtanga, irin su Beryl Bender Birch a Niyok da Bryan Kest a Kalifoniya, su ne suka fito da sunan a wajejen ƙarshen shekarun 1980 zuwa farkon 1990. Suka ajiye kafaffen jeri, suka rage kalmomin Sanskirit, suka riƙe gumin. Malami ne ke tsara abin da ya ga dama kullum, amma hankalinsa na kan ƙarfi: a daɗe a tsaye gwiwa a lanƙwashe har cinya ta fara rawa, a daɗe a sandare a kan hannu, a yi aikin tsokar ciki. Ga wadda jikinta ya riga ya saba, abu ne mai kyau ƙwarai. Illarta sauri ne da kiɗa. Da zarar an sa kiɗa mai zafi, motsi ya daina bin numfashi ya koma bin ganga, kuma abin da ya sa aka kira ta binyasa ya tafi.

Wata malamar makaranta daga Barnawa ta taɓa zuwa mini, hannunta na dama ba ya iya kaiwa ƙeya ta ɗaura ɗankwali sai ta ciji leɓe. Shirin kwana 30 na yogar ƙarfi ta ɗauko a waya, tana yi bayan Asuba a kan tayil, ba ta ko kai rabi ba. Na shimfiɗa mata tabarmar roba na ce ta nuna mini yadda take sauka. Tana lanƙwasa hannu sai gwiwoyin hannun suka baje waje kamar fukafukin kaza, ciki ya zubo ƙasa, kan kafaɗa ya nutsa har ya wuce gwiwar hannu. Duk nauyinta a kan wata siririyar jijiya da ke gaban kafaɗa yake sauka, sau gomomi kowace safiya. Ba raguwa ba ce, ƙoƙari ne ya yi mata yawa. Mai bidiyon na cewa a ci gaba, ita kuma tana ci. Wanda ya riga ka barci dole ya riga ka tashi: wadda ke cikin wayar ta yi shekaru tana gina wannan kafaɗar. Gyaran ba wuya: gwiwoyi a ƙasa, gwiwar hannu tana gogar haƙarƙari, a sauko rabin hanya kawai a tsaya. Amma sai da ta yi kusan wata biyu kafin ta koma ɗaura ɗankwalinta ba tare da tunani ba.

Wadda aka rubuta Vinyasa kawai ba ta da uban gida. Kamar miyar taushe take, kowane gida da hannunsa. Malamai biyu za su sa wa bidiyonsu suna ɗaya, na wannan ya zama kamar tafiyar yamma, na wancan kamar gudun fanfalaki. Kuma takardar shaidar da akasarin masu koyarwar ke riƙe da ita ta awa 200 ce, wadda ake iya gamawa cikin wata ɗaya, saboda haka iya tsayuwa a kan ka ba ya nuna an san jikin mai jego ko mai ciwon baya. Shawarata a nan ɗaya ce: kada ki bi bidiyon da ba ki fara kallon sa a zaune ba. Ki ƙirga sau nawa ake bin gadar. Ki saurara ko tana faɗin lokacin shaƙa da na fitarwa. Ki duba ko tana cewa wadda ba za ta iya ba ta ajiye gwiwa. In ba ta faɗin waɗannan, don masu kallo take yi, ba don masu koyo ba.

Ta ɗaki mai zafi ba zan ɓata miki lokaci a kanta ba. Asalinta tsarin Bikram Choudhury ne, tsayuwa 26 cikin minti 90 a ɗakin da aka ɗumama zuwa kusan digiri 40 a ma'aunin Salshiyas, daga baya wasu suka kai binyasa cikin irin wannan ɗakin. Mu da muka san Maris da Afrilun Kaduna, musamman in an ɗauke wuta, ba ma buƙatar a ƙara mana. Zafi na sa jiki ya ji kamar ya saki fiye da yadda yake, sai mutum ya wuce iyakarsa bai sani ba, gobe ya tashi da ciwo. Gumin kuwa ruwa ne ke fita, ba kitse ba. Kina shan ruwa nauyin ya dawo. Mai juna biyu, mai hawan jini, mai ciwon ƙoda da mai sikila kada su kusance ta, domin ƙarancin ruwa a jiki na iya tayar wa mai sikila da ciwonsa.

Yanzu ga abin da ya fi burge ni a tarihin nan. Shi Krishnamacharya, malamin nan na Maisur, a shekarun 1950 ya koma birnin Madras, wanda yanzu ake kira Cennai. A can ba yara ne suka zo masa ba, manya ne, magidanta, da marasa lafiya. Sai ya canza salon koyarwarsa gaba ɗaya. Ya daina sa kowa a layi ɗaya, ya koma duba mutum ɗaya-ɗaya, yana rage wannan, yana sassauta wancan, numfashi dai na nan a matsayin jagora. Ya rayu shekara 100, ya rasu a 1989, ɗansa Desikachar kuma ya buɗe cibiya da sunan mahaifin nasa a Cennai a 1976 a kan wannan tafarki, wanda ya yi suna da Viniyoga. Mutum ɗaya ne ya fitar da mai tsalle da mai sannu. Abin da ya raba su shi ne wanda ke tsaye a gabansa. Tela na ƙwarai a Kasuwar Barci ba ya yanka yadi sai ya sa awo, to shi ma haka ya koma yi.

Abin da ake sa wa suna Slow Flow a yau, yogar sannu, ba lallai daga wancan gidan ta fito kai tsaye ba, amma hankalinsu ɗaya, kuma ita nake ba ki. Ana shiga tsayuwa da shaƙa, a fito da fitarwa, a maimaita sau 4 ko 6, sannan a ɗan zauna a ciki. Gadar ana bin ta jefi-jefi, gwiwa a ƙasa. Kada ki ɗauka sauƙi ne. Mai sauri na cin bashin jifa: jiki ya tafi da kansa, tsoka ba ta yi aikin ba. In aka ce ki ɗauki daƙiƙa 5 kina ɗaga ƙafa ɗaya daga baya zuwa gaba, ba inda za ki ɓuya. A ajina, matan da suka zo suna cewa su mai zafi suke so, su ne ke fara share goshi a minti na goma.

Akwai kuma abin da na lura da shi a jikin matanmu, wanda bidiyon waje bai san da shi ba. Mu mun tashi da zaman tabarma, da tsugunno wajen wanki da girki, da shara da gajeriyar tsintsiya. Tsugunnon da Baturiya ke shekara tana nema, gwaggonki na yin sa tana tsince shinkafa. Laushin ƙugu ba shi ne ya fi ƙaranci a wurinmu ba. Abin da ya yi ƙaranci ƙarfin kafaɗa ne, da na tsokar ciki, da na ɗuwawu, balle bayan haihuwa 4 da shekarun zaman ofis. Mai laushi marar ƙarfi ita ta fi kowa shiga haɗari a yoga mai sauri, don jikinta zai kai inda aka ce, amma ba abin da zai riƙe gaɓar a can. Kafin ki fara, ki yi wannan gwajin: ki kwanta rigingine, gwiwoyi a lanƙwashe, ki sa yatsu a kwance saman cibiya, ki ɗan ɗago kai. In kika ji rami tsakanin tsokoki biyu da ya fi faɗin yatsu biyu, ko kika ga tsakiyar cikin ya tsiro kamar kunya a gona, to tsokar ba ta gama haɗewa ba tun haihuwa. Ki ga fisiyo tukuna kafin duk wani sandarewa a kan hannu.

Game da ciwon bayan kansa, a 2017 wata babbar ƙungiyar likitocin Amurka ta sa yoga cikin abubuwan da ake fara gwadawa ga ciwon ƙasan baya da ya daɗe, kafin a kai ga ƙwayoyi. Amma ki lura, gwaje-gwajen da aka dogara da su akasari da yoga mai sassauci aka yi su, wadda aka daidaita wa masu ciwo, ba Ashtanga ko yogar ƙarfi ba. Kuma sauƙin da ake samu matsakaici ne, kusan daidai da na sauran motsa jiki mai tsari. Ba ta maye gurbin tafiya. Hukumar Lafiya ta Duniya na son baligi ya samu aƙalla minti 150 a mako na motsi mai ɗan sa haki, da kwana 2 na ƙarfafa tsoka. Yogar sannu za ta taimaka a na biyun, na farkon kuwa zagayen Dandalin Murtala da sassarfa ya fi ta cika shi. Sannan in ciwon na sauka ta ƙafa har ƙasa da gwiwa tare da dindiris, ko ƙafar na ja, ko fitsari ko bayan gida na ƙwace miki, ko tsakanin cinyoyi ya mutu, ko akwai zazzaɓi da rama da ciwon da ke tashin ki cikin dare, ki ajiye maganar yoga ki tafi asibiti. Na fitsari da mutuwar tsakanin cinya ba a kwana da su.

Sai gaisuwar rana. Rashin kwanciyar hankalinki yana da tushe. Sunanta suriya namaskar, kuma ma'anarsa ke nan, gaishe da rana da rusunawa. Wani basarake na ƙasar Aundh a Indiya ne ya yayata ta a shekarun 1920 a matsayin motsa jiki na kullum, kuma a wurin mabiya addinin Hindu ana haɗa ta da ambaton sunayen rana. Zagaye 10 ɗin nan da na ce Ashtanga na buɗewa da su, su ne. A nan ma salon ya bambanta. Ashtanga ta gargajiya da waƙen Sanskirit ake buɗe ta, mai girmama malaman hanyar, da wani kuma ake rufewa. Jivamukti, wadda aka kafa a Niyok a 1984, ta fi haka: rera waƙe da karatun littattafansu na cikin ginshiƙanta. Yogar ƙarfi da ta sannu akasari sun ajiye waɗannan, sai dai za ki ji wasu na jan "om" ko su haɗa tafuka a ƙirji su ce "namaste" a ƙarshe.

Malaman ƙasashen Musulmi sun duba batun. Majalisar fatawa ta Malesiya ta hana Musulmi yoga a 2008 saboda abubuwan bauta da ke cakuɗe da ita. Majalisar malaman Indonesiya a 2009 ta haramta wadda ke da waƙe da ibadar Hindu, ta bar wadda motsa jiki ce zalla. Saudiyya kuma ta amince da koyar da ita a matsayin wasan motsa jiki a 2017. Ni ba malamar addini ba ce, fatawa ba tawa ba ce. Ki kai wa malamin da kika amince da iliminsa, ki kwatanta masa ainihin abin da za ki yi. Abin da zan iya gaya miki shi ne yadda nake yi. A ajina ba waƙe, ba haɗa tafuka, ba fuskantar rana, ba ma kiran komai da sunan gaisuwa. Miƙa ce da sunkuyo da numfashi, da sunayensu na Hausa. 'Yan'uwanmu Kirista da ke zuwa daga Sabon Tasha su ma sun yi mini irin tambayarki, kuma wannan tsarin ya kwantar wa kowa da hankali. Jiki kuwa bai rasa komai ba don an cire waɗancan. In ma duk da haka zuciyarki ba ta natsu ba, akwai atisayen baya na fisiyo da ke yin wannan aikin ba tare da sunan yoga ba.

In kin yanke za ki fara, ki nemi yogar sannu ta masu farawa, mai minti 20, sau 3 a mako, ki yi mako 6 a kanta kafin ki ƙara komai. Kada ki yi a kan tayil tsirara ko darduma mai santsi, tafin hannu zai zame. Tabarmar roba mai kama ƙasa ake so. Ciki ya zama ba nauyi, awa 2 zuwa 3 bayan abinci. Da hunturu jiki a ɗaure yake da asuba, ki fara zagaya tsakar gida minti 5, kuma in hazo ya toshe miki hanci kada ki tilasta numfashin hanci. Da azumi ki mai da shi bayan an sha ruwa abinci ya faɗa. Duk inda aka sunkuya, ki ɗan lanƙwasa gwiwa. Duk inda aka zo gadar, gwiwa a ƙasa, rabin hanya. Tsayuwa a kan ka ko a kan kafaɗa ki tsallake ta gaba ɗaya, balle in akwai hawan jini, ciwon wuya ko hawan jinin ido.

Ma'auninki numfashinki ne. Muddin yana shiga yana fita a hankali ba yankewa, kina daidai. Da zarar kin ga kin buɗe baki kina haki, ko kin riƙe shi kina cije haƙora, to saurin ya fi ƙarfinki, ki durƙusa ki huta ko da mai bidiyon ba ta tsaya ba. Tsamin jiki na kwana ɗaya ko biyu a cikin tsoka ba komai ba ne. Ciwo mai suka a cikin gaɓa, ko bayan da ya fi jiya ciwo har washegari, alama ce a rage. Bayan mako 6 ki sake rubuto mini, ki gaya mini minti nawa kike iya zama a ofis kafin bayan ya fara magana, da kuma ko kina iya sauka rabin caturanga sau 5 a jere kafaɗa ba ta nutsa ba. Da wannan za mu san ko lokacin ɗaga gwiwa daga ƙasa ya yi.